Ƙusar Rufi da Tokaran Rami: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokokin Kare Mahaƙa daga Ruftawar Ƙasa

Tun bayan ruftawar ramin haƙar ma'adinai na Galkogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, a watan Yunin 2024, wadda ta biyo bayan ruwan sama mai yawa ta kuma binne mutane da dama, tambayoyi suka yawaita daga 'yan'uwanmu masu sana'ar haƙa a Riruwai da kewayenta cikin ƙaramar hukumar Doguwa, da masu fasa dutse a Dutse da Birnin Kudu, har ma da masu tonon marmara da yashi domin lodin tifa. An tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan, an kuma amsa su gwargwadon abin da dokoki da ilimin haƙa suka tabbatar.

Mece ce ƙusar rufi, kuma ta yaya sandar ƙarfe za ta riƙe dutsen da ke saman mutum?

Ƙusar rufi doguwar sandar ƙarfe ce mai kama da rodin gini. Ana huda dutsen da ke saman rami, a tura ta ciki, a kafe ta, sannan a ɗaure ƙarshenta na waje da farantin ƙarfe wanda yake manne da fuskar dutsen. A ramukan kwal na ƙasashen da suka daɗe da amfani da ita, tsawonta yakan kama daga mita 1.2 zuwa mita 2.4, kuma ana jera su layi-layi, galibi da tazarar kimanin mita 1.2 a tsakani.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne ba ta taɓa daɓen rami, alhali kuwa mun saba da cewa duk abin da zai tallafi rufi sai ya tsaya da ƙafarsa a ƙasa, kamar gwafa ko al'amudin soro. Gaskiyar lamari ita ce ƙusar ba ɗaukar tsaunin take yi ba, domin ba a ƙera ƙarfen da zai iya hakan ba. Taimakon dutsen take yi ya riƙe kansa. Idan akwai shimfiɗar dutse mai rauni a ƙasa da wata mai ƙarfi a sama, sai ƙusar ta rataye mai raunin a jikin mai ƙarfin. Idan kuma dutsen faifai-faifai ne marasa kauri, sai ta ɗinke su su zama guda. Duk kafinta ya san cewa falankai biyar da aka ɗora bisa juna suna lanƙwasawa idan aka taka su, saboda kowanne yana zamewa a kan ɗan'uwansa, amma da zarar an haɗe su da ƙusa sai su yi ƙarfin gungume. A dutsen da ya tsattsage kuwa, ƙusoshin suna matse guntayen da juna har babu wanda zai sulluɓo.

Domin a gane nauyin da ake magana a kai, mita guda na dutse a tsawo da faɗi da kauri yana kai kimanin tan biyu da rabi. Ɓallin da bai wuce mita guda a kowane gefe ba, mai kaurin santimita 10 kacal, wanda mutum zai kalla ya raina, yana da nauyin kilo 250, wato buhun siminti biyar.

Ƙusar iri ɗaya ce ko kuwa ta kasu?

Ta kasu, kuma kowace da irin dutsen da ya dace da ita. Akwai mai kan da yake buɗewa: idan aka murɗa ta, sai wani ƙwanso da ke can ƙarshenta ya faɗaɗa ya cije bangon huda. Akwai wadda ake kafewa da danƙon sinadari da ake kira rezin, wanda yake zuwa cikin doguwar leda mai ɗaki biyu. Juyawar ƙusar ce take fasa ledar ta gauraya sinadaran, su daskare cikin ɗan lokaci kaɗan su riƙe ta tun daga sama har ƙasa. Akwai ta bututu mai tsaga wadda ake dannawa da ƙarfi cikin hudar da ta fi ta ƙanƙanta, irin wadda James Scott ya ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1970. Akwai kuma igiyar ƙarfe mai tsawon mita huɗu ko fiye, wadda ake sawa a mahaɗar hanyoyi, inda faɗin rufi ya fi yawa. Tsakanin ƙusa da ƙusa kuma ana shimfiɗa ragar waya ko a fesa kankare, domin ƙananan duwatsun da ke faɗowa daga tsakani su ne suka fi yawan jikkata ma'aikata.

A Najeriya, wa yake da hurumin sa doka kan wannan? Dagaci ne, ko jiha, ko tarayya?

Tsarin mulkin 1999 ya damƙa mallakar dukkan ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma ita kaɗai ce take da ikon yin doka a kansu. Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2011. Ofishin rajistar filayen haƙa da ke Abuja shi ne mai ba da lasisi, yayin da Sashen Sufetocin Haƙa na ma'aikatar ma'adinai yake da alhakin sa ido kan yadda ake aiki da tabbatar da bin ƙa'idojin lafiya da kariya, kuma yana da jami'ai a jihohi. A watan Maris na 2024 ma'aikatar ta ƙaddamar da dakarun tsaron wuraren haƙa daga cikin jami'an Sibil Difens, sai dai aikinsu ya fi karkata ga yaƙi da haƙa ba bisa izini ba, ba auna ƙarfin rufi ba.

Amincewar mai gona tana cikin sharuɗɗan neman lasisi, kuma girmama dagaci da hakimi wajibi ne a kan duk baƙon da ya zo aiki a ƙasarsu, amma takardar dagaci ba lasisi ba ce. Ƙananan mahaƙa suna da hanyar da doka ta buɗe musu, wato su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama-kai su nemi lasisin ƙaramar haƙa. Amfanin wannan ga maganar da muke yi a fili yake: ramin da hukuma ba ta san da shi ba, babu sufeton da zai duba shi, kuma ranar da ya rufta ba a san sunan wanda za a tuhuma ba, wani lokaci ma ba a san adadin waɗanda suke ciki ba.

Me ya sa ake yawan kafa hujja da dokar Amurka idan ana maganar ƙusar rufi?

Domin a can ne aka fara amfani da ita da yawa a ramukan kwal tun ƙarshen shekarun 1940, kuma dokarsu ta fayyace komai dalla-dalla har ta zama abin kwatance. Bayan fashewar ramin Farmington a 1968, wadda ta kashe mutum 78, sun yi dokar kare mahaƙan kwal ta 1969, sannan dokar 1977 ta kafa hukumar kula da lafiyar mahaƙa mai suna MSHA, wadda aka wajabta wa duba kowane ramin ƙarƙashin ƙasa aƙalla sau huɗu a shekara.

Ginshiƙin dokar tasu abu biyu ne. Na farko, ba a yarda kowa ya yi aiki ko ya wuce ta ƙarƙashin rufin da ba a tallafa ba, sai a wasu ayyuka ƙalilan da dokar ta keɓe da sharuɗɗansu, kuma dole a sa alama bayyananniya ko shinge a inda layin ƙusoshi na ƙarshe ya tsaya. Shi kansa mai sa ƙusar, wanda aikinsa ke kai shi bakin haɗari, injinsa yana da hannayen ƙarfe masu tokare rufi na wucin gadi kafin ya fara huda. Na biyu, kowane ramin kwal sai ya rubuta tsarin kula da rufinsa, ya bayyana irin dutsen da ke samansa, da faɗin hanyoyinsa, da girman ginshiƙansa, da iri da tsawo da tazarar ƙusoshinsa, sannan shugaban hukumar na yankin ya amince da shi kafin a yi aiki da shi. Ana sake nazarin tsarin duk wata shida. Da zarar an amince da shi kuwa, saɓa masa daidai yake da saɓa wa doka, kuma abin da ke cikinsa mafi ƙarancin abin da za a yi ne. Idan dutse ya sauya hali, wajibi ne a ƙara tallafi ba tare da jiran sufeto ba.

A ganin mai wannan rubutu, wannan tsari na rubutawa shi ne darasin da ya fi kusa da mu, domin ba ya buƙatar injin miliyoyi. Ƙungiyar mahaƙa goma za ta iya zama ta rubuta a littafi cewa faɗin lotonta, wato hanyar da take haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ba zai wuce kaza ba, tazarar tokaranta ba za ta wuce kaza ba, kuma wane ne zai riƙa dubawa kowace safiya.

Yaya ake tabbatar da cewa ƙusar da aka sa ta kama da gaske?

Nan ne zuciyar maganar take, domin ƙusar da ta kama da wadda ba ta kama ba kamanninsu ɗaya daga waje: faranti da kan noti kawai ake gani. Saboda haka doka ba ta yarda da shaidar ido ba, awo take nema.

A dokar Amurka, ƙusar da ake ɗaurewa da murɗawa sai an auna ƙarfin ɗaurinta da sifana mai ma'auni. Ana auna ta farko da aka sa a kowane zagayen aiki nan take, daga nan kuma aƙalla ɗaya cikin kowace huɗu. A wuraren da ake ci gaba da fitar da kwal, cikin kowace awa 24 ana komawa a auna aƙalla ɗaya cikin goma na masu buɗaɗɗen kai da aka riga aka sa a kusa da bakin aiki. Hikimar komawar ita ce ƙusar tana magana da harshe biyu. Idan ɗaurinta ya saki, alama ce kanta yana zamewa a cikin huda, wato dutsen da aka kafe ta ba shi da ƙarfi. Idan kuma ɗaurin ya ƙaru fiye da yadda aka bar shi, alama ce rufin yana saukowa yana ɗora mata nauyi. Kowanne daga cikin biyun, in ya bayyana a mafi yawan waɗanda aka auna, yana wajabta gyara. Dokar ta kuma hana wannan irin ƙusa ta gaza inci 30, kimanin santimita 76, idan aikinta ɗinke faifan dutse ne su zama guda, ta kuma nemi a riƙa yin hudar gwaji mai wuce wurin da aka kafe ƙusa da aƙalla inci 12, domin a san abin da ke sama da ita. Babu amfanin rataye dutse a jikin dutsen da shi ma ya rabu da uwarsa.

Mai danƙo kuwa matsalolinta daban ne. Idan hudar ta yi faɗi da yawa, sinadaran ba za su gaurayu ba. Idan mai injin ya juya ta ƙasa da lokacin da masu ƙera danƙon suka faɗa, ba zai daskare ba. Idan ya zarce lokacin, zai farfasa danƙon da ya fara kamawa. Danƙon yana da wa'adin lalacewa, kuma zafi yana gaggauta lalacewar tasa, abin da ya kamata a kula da shi ƙwarai a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40. Kwalin da ya yi wata biyu a cikin kwantena a rana ba abin amincewa ba ne ko da kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Ana kuma yin gwajin fizga, inda ake ɗaura jak a jikin ƙusa a ja ta har a ga nauyin da za ta jure kafin ta motsa.

A ramukan kwal na Ingila, inda aka rungumi ƙusar rufi daga ƙarshen shekarun 1980, sun ƙara da wata 'yar na'ura mai sauƙi wadda suka sa wa suna mai ma'anar ɗan tsegumi. Waya ce da ake kafewa can sama da inda ƙusoshi suka ƙare, ta sauko da ɗan bututu mai launin kore da rawaya da ja. Rufi na saukowa yana haɗiye launukan ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ko wanda bai yi karatu ba zai ɗaga kai ya san halin da ake ciki.

Zan iya sayen rodin gini a kasuwa, in kai wa mai walda ya yi mini ƙusar rufi?

Ba a ba da wannan shawara. A Amurka dole ƙusa da farantinta su cika ma'aunin da ake kira ASTM F432, kuma mai ramin ya karɓi takardar shaida daga masana'antar da ta ƙera su, ya ajiye ta domin sufeto. Wadda ba ta cikin wannan ma'auni sai an tabbatar da ingancinta ta hanyar gwaji kafin a yarda da ita. Rodin da ake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an yi shi ne domin a binne shi cikin kankare, ba domin a rataye masa tan uku ko huɗu a kan ɗan walda guda ba, kuma walda takan sauya halin ƙarfe a daidai inda aka fi buƙatar ƙarfinsa. Ga kuma tsatsa: ruwan da ke ratsa duwatsu masu ɗauke da farar wuta yakan yi tsami ya cinye ƙarfe a ɓoye cikin huda, farantin yana nan lafiya ƙalau a waje.

Yawancin ramukanmu cikin marmara da yumɓu da ruɓaɓɓen dutse suke. Ƙusa za ta yi mana aiki?

A'a, kuma gara a faɗi wannan ƙarara, kada wani ya ji labarin ƙusa ya sa ta a marmara ya shiga ƙarƙashinta da kwanciyar hankali. Ƙusa tana buƙatar dutse mai tauri da za ta cije, irin wanda ake tararwa a zurfin duwatsun Riruwai, inda aka taɓa buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa domin kuza da tutiya. A ƙasa mai taushi babu abin da za ta kama, kamar a buga ƙusa a cikin tuwo ne. Abin da ya dace da irin wannan ƙasa shi ne tallafin da yake tsayawa da ƙafarsa: firam na katako mai ƙafa biyu da gicciye a sama, da falankai a bayansa masu tare ƙasa, da zoben kankare a ramin shiga kamar yadda ake yi wa rijiya, da kuma taƙaita faɗin loto. Maginan soro sun daɗe da sanin wannan: azara tana da iyakar faɗin da take iya haurawa, kuma wanda yake son zaure mai faɗi sai ya kafa al'amudi ko ya yi baka. Ko a Amurka, hanyar da katako kaɗai yake tallafa ba a yarda faɗinta ya wuce ƙafa 20 ba, kimanin mita 6, kuma wannan a dutse ne. A marmara, abin da ya haura wanda mutum zai wuce da kayansa ya riga ya yi yawa.

Ramin da yake buɗe a sama ma yana da nasa hukuncin, kuma a karkararmu shi ne ya fi cin mutane. Duk wanda ya tsaya a bakin ramin burji da rana tsaka ya ga yadda abin yake: ƙasar sama ta bushe ta yi tauri, ta gindin bango kuwa tana da laushi da sanyi, sai masu diga su riƙa cin gindin suna shigewa ciki, har bangon ya yi musu rumfa, wasu ma su zauna a inuwarsa su ci abinci kafin tifa ta dawo. Wannan rumfa ita ce take kashewa, kuma ba ta sanarwa. Ƙa'idar aikin rami a Amurka ita ce duk ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, sai an kwantar da bangonsa, ko a yi masa matakala, ko a tokare shi, sai fa idan a cikin dutse mai ƙarfi aka yi shi. A ƙasa mafi rauni kamar yashi, kowace mita guda ta zurfi tana buƙatar mita ɗaya da rabi na kwanciya, kuma ƙasar da aka fitar ba a tara ta a gaɓar rami. Tifar da ta matso baki domin a rage wa masu shebur wahala tana ƙara wa bangon nauyi da girgiza a lokaci guda.

Wane irin katako ya kamata a yi tokara da shi?

Miƙaƙƙe, busasshe, marar ruɓa, marar ramin gara, wanda aka ɓare masa ɓawo domin a ga aibinsa. Ana kafa shi a kan ƙasa mai tauri, a sa masa guntun falanki a kai, a matse shi da weji har ya daina motsi. Tokarar da ba ta matsu da rufi ba ado ce kawai. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri ƙarfi nesa ba kusa ba. Katako yana da wata falala da ƙarfe ba shi da ita, wato yana kuka kafin ya karye, kuma tsofaffin mahaƙa a ko'ina cikin duniya suna sauraron wannan kuka. Wanda ya lanƙwasa ko ya tsage ba a cire shi sai an kafa sabo a gefensa.

Me ya sa ake hana cin ginshiƙin da aka bari, alhali ana ganin ma'adini a jikinsa?

Domin ƙusa da katako fatar rufi kawai suke riƙewa. Nauyin ƙasar da ke sama baki ɗaya a kan ginshiƙai yake. Idan aka rage guda, nauyinsa ba ya ɓacewa, yana komawa kan maƙwabtansa ne, kuma idan su ma an riga an shafce su, sai su faɗi ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna. Haka ta faru a ramin kwal na Coalbrook a Afirka ta Kudu ranar 21 ga Janairun 1960, inda mutum fiye da 430 suka mutu, ba a kuma iya fito da gawarwakinsu ba. Wannan musiba ce ta sa aka yi binciken da ya haifar da lissafin ƙarfin ginshiƙi na Salamon da Munro a 1967, wanda har yanzu ake amfani da shi. A ramin Crandall Canyon na jihar Utah ta Amurka ma, a watan Agustan 2007, rushewar ginshiƙai ta hallaka mahaƙa shida, rami ne kuwa mai ƙusoshin rufi.

A lotunanmu jarabawar ta fi tsanani, domin sau da yawa mutane daban-daban suna haƙa kusa da juna ba tare da taswira ba, kowa yana zaton bangon da ke gefensa mai kauri ne, alhali maƙwabcinsa ma yana cin sa ta ɗaya ɓangaren.

Waɗanne alamu ne suke nuna rufi ya kusa saukowa?

Ana fara dubawa da ido daga ƙarƙashin wurin da aka tallafa, kuma idan ido ya ga haɗari ba sai an je ga bugawa ba. Sabuwar tsaga, ko tsohuwa da ta ƙara buɗewa, da zubar tsakuwa ko gari daga sama, da ruwan da ya fara ɗiga inda da babu shi, da farantin ƙusa da ya lotsa, da tokarar da ta fara kuka, duk dalilai ne na fita nan take. Idan ido bai ga komai ba, sai a buga rufin da doguwar sandar ƙarfe. Mai wannan rubutu ya taɓa kallon wani dattijon mahaƙi yana koya wa yaransa wannan aiki: ya sa aka kashe injin ruwa domin a yi shiru, ya ɗora yatsun hannun hagunsa a jikin dutsen, ya buga da sandar a kusa da su. Wuri na farko ya yi ƙara mai kaifi kamar an buga ƙarfe a maƙera. Da ya matsa taki biyu sai ƙarar ta koma kamar ta ganga, ya ce ya ji girgizar a yatsunsa, ya ja da baya ya sa aka zunguro ɓallin da sandar daga nesa. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka: ɓalli mai kauri sosai yana iya yin ƙarar lafiyayyen dutse ko da ya rabu a sama. Bayan tashin nakiya kuma wajibi ne a sake dubawa tun daga farko.

Shin damina tana da wani hukunci na daban?

Ƙwarai kuwa. Ruwa yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana jiƙa yumɓun da ke tsakanin tsagogi ya mai da shi santsi, yana kuma cin gindin bango. Bangon da ya tsaya cak tun daga kaka har bazara yana iya zabtarewa bayan ruwan Agusta guda, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗauke ruwan, sa'ad da mutane suka saki jiki. Ramin ƙasa mai taushi da ba a tallafa ba, abin da ya fi shi ne a rufe shi har a gama damina, a kuma yi masa magudana a kewaye domin kada ruwan gona ya gangaro cikinsa.

Idan mai gida ya ce in shiga, ni kuwa ina ganin haɗari, ina da ikon ƙi?

Yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1995 kan lafiyar mahaƙa, ta ba ma'aikaci haƙƙin janye kansa daga duk wurin da yake da dalilin ganin babban haɗari ga lafiyarsa, ba tare da an hukunta shi ba, kuma Afirka ta Kudu ta sa wannan haƙƙi a sashe na 23 na dokarta ta 1996. A gida, alhakin kariya yana wuyan mai lasisi, kuma ana iya kai ƙorafi ga jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiha. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta kuma haramta sa yaron da bai kai shekara 16 ba aikin ƙarƙashin ƙasa.

Wahalar ita ce yawancin mahaƙanmu ba albashi suke karɓa ba, kaso ne, saboda haka wanda ya ƙi shiga shi ne ya yi asarar yininsa, ga kuma gorin abokai. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya warware wannan, ta hanyar amincewa tun kafin a fara aiki cewa idan mutum guda ya ce a fita, kowa zai fita, kuma ranar da aka kashe wajen kafa tokara za a lissafa ta cikin kaso kamar ranar da aka fitar da ma'adini.

Idan rami ya rufta da mutane, me ya kamata a yi, kuma me doka ta tanada bayan haka?

Abu na farko shi ne a hana jama'a tururuwa zuwa baki, domin ƙasar da ta zabtare sau ɗaya a shirye take ta ƙara. A Crandall Canyon, kwana goma bayan ruftawar farko, mutum uku daga cikin masu ceto suka mutu a ruftawa ta biyu, ƙwararru ne kuwa da kayan aiki. A aika neman jami'an kashe gobara da hukumar agajin gaggawa nan take, a ƙirga waɗanda suka shiga daga littafin shiga da fita, a tokare bango kafin masu ceto su sauka, kuma kada a kawo motar haƙa kusa da inda ake zaton mutum yake. A nan hannu da shebur ne suke aiki. Labarin mahaƙa 33 na ƙasar Chile da aka ceto a 2010 bayan kwana 69 bai kamata ya ruɗe mu ba, domin su a cikin fili mai iska suka maƙale. Wanda ƙasa ta danne wa ƙirji numfashi ne yake gagararsa, kuma lokacinsa mintuna ne, don haka da an kai gare shi, fuska da ƙirji ake fara buɗewa.

Bayan haka, dokar 2007 ta wajabta wa mai kula da aikin ya sanar da hukuma duk haɗarin da ya jawo mutuwa ko mummunan rauni, domin a yi bincike. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ko ga magadansa, ta hannun asusun inshorar ma'aikata na NSITF, wanda masu ɗaukar ma'aikata suke zuba wa kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya. Iyalan wanda abin ya shafa su adana takardun asibiti, su rubuta ranar da abin ya faru da sunayen shaidu, kuma su tabbatar an kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin ma'adinai tun kafin a sake buɗe ramin.